Sayen Nagari Mai da Kuɗi Gida: Lacca a kan Saye da Adana Kayan Yaji



 Na tabbata da aka sanar da kan maganar akwai waɗanda suka yi murmushi, suna cewa a ransu, duk matsalolin da suka dami ƙasa a rasa abin da za a tara ɗaliban jami'a a kansa sai barkono da citta? To, ga amsa. Yawancinku nan da shekara ɗaya ko biyu za ku kama aiki, a tura ku garin da ba uwa ba ƙanwa, ku riƙe gida da albashin da da ƙyar yake ganin ƙarshen wata. A ranar nan za ku tarar cewa abu uku ne ke rataye da ɗan ƙullin yajin da kuke rainawa, watau daɗin abincinku, da kuɗin aljihunku, da kuma lafiyar jikinku. Waɗannan ukun su ne zan bi da bayani.

ABIN DA AKE NUFI DA KAYAN YAJI

Kayan yaji da kayan ƙanshi na gidan Bahaushe sun kasu gida uku. Akwai busassun 'ya'ya da saiwa da ɓawo, kamar su barkono, citta mai yatsu, citta mai 'ya'ya, masoro, kimba, kanumfari, kirfa, kurkum da gyaɗar ƙanshi. Akwai ganyaye, kamar su ɗoɗɗoya da na'ana'a, kuma ana iya sa kuka da karkashi a wannan layi, tun da hanyar adana su ɗaya ce. Sa'an nan akwai waɗanda suke da nasu hali na dabam, watau albasa, tafarnuwa da daddawa.

In an lura, kwandon yaji na tsohuwa guda ɗaya ya tara duniya. Kimba da masoro da citta mai 'ya'ya daga kurmin Afirka ta Yamma suke zuwa, har ma Turawan da suka fara zuwa gaɓar tekun da ƙasar Laberiya take a yau da sunan citta mai 'ya'ya suka raɗa wa gaɓar suna. Kanumfari kuwa asalinsa tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, daga baya aka dasa shi a Zanzibar da Pemba, kuma sunansa da na kirfa duk daga Larabci muka aro su, abin da ke nuna hanyar da suka biyo suka iso mu. Barkono da tattasai, waɗanda muke gani kamar da su aka halicce mu, daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Darajar waɗannan kaya ta kai ga a 1667 Ingila ta sallama wa Holan wani ɗan tsibiri mai suna Run saboda gyaɗar ƙanshin da ke cikinsa, ita kuma ta riƙe tsibirin Manhattan, inda tsakiyar birnin New York take a yanzu. Abin da sarakuna suka yi yaƙi a kansa bai cancanci a bar shi cikin leda a gindin risho ba.

INA ƘANSHIN YAKE, ME KUMA KE KASHE SHI?

Duk wanda ya gane amsar wannan tambaya, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi. Ƙanshin yawancin kayan yaji wani ɗan mai ne mai saurin bin iska, wanda tsiron ya ɓoye cikin ƙananan jakunkunan da ido ba ya gani. A kanumfari mai kyau wannan mai yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, shi ya sa ya fi saura ƙarfi. A citta kuwa bai wuce kashi 1 zuwa 3 ba. Abin lura shi ne, duk lokacin da hancinka ya ji ƙanshin yaji, to wani yanki na man nan ne ya bar yajin ya shiga iska, kuma ba zai komo ba. Ɗakin girkin da kullum yake tashin ƙanshin kanumfari alhali ba a ɗora tukunya ba, hasara ake yi a cikinsa.

Abokan gaban wannan mai huɗu ne: iska, zafi, haske da danshi. Iska tana kwashe shi, tana kuma sauya abin da ya rage. Haske yana koɗar da launi, shi ya sa jan barkonon da ya daɗe a taga yake komawa ruwan ƙasa. Danshi yana dunƙule gari ya kuma jawo fumfuna. Zafi kuwa shi ne ke iza sauran ukun. Masana kimiyya suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewar irin waɗannan abubuwa. Saboda haka idan ka karanta a littafin girkin Turawa cewa garin yaji yana yin shekara, ka tuna da ɗaki mai zafin digiri 20 suke lissafi. Ɗakin girki a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu yana kaiwa digiri 40, watau shekararsu ta zama wata uku ke nan a wurinmu.

Niƙa ita ce ke buɗe wa abokan gaban nan ƙofa. Ƙwayar masoro guda tana rufe da ɓawonta, iska ba ta taɓa komai sai bayanta. Da zarar an daka ta, ta zama dubban ɓarɓashi, kowanne iska na lasarsa ta ko'ina. Ƙwayar da za ta shekara biyu lafiya, garinta cikin 'yan makonni yake fara zama lami.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane game da barkono, wanda ya kamata in ambata. Sinadarin da ke ba shi zafi, wanda ake kira kafsaisin, ba ya bin iska kamar man ƙanshi. Don haka tsohon garin barkono yana nan da zafinsa bayan ƙanshi da launi sun daɗe da tafiya. Mai gida ya ɗanɗana ya ji harshe ya ɗauka, sai ya ce ai yajin yana nan da ransa, alhali kuwa zafin ne kawai ya rage, miya kuma ta tashi ba armashi.

YADDA ZA A SAYA

Daga wannan bayani ƙa'idar saye ta fito da kanta: a sayi ɗungurungum, a daka kaɗan-kaɗan. Ƙwayar yaji ba ta iya ɓoye aibinta, amma gari yana iya ɓoye kome, tun daga dusa da jar ƙasa har zuwa ruɓaɓɓen barkonon da da mai saye ya gan shi da idonsa ba zai karɓa ko kyauta ba.

Sa'an nan a san lokaci. Kowane kaya yana da kakarsa. Busasshiyar citta sabuwa takan cika kasuwa ne da hunturu, bayan an haƙe ta a ƙasashen Kaciya da Jaba da Kagarko na kudancin Kaduna, inda nan ne cibiyar nomanta a Nijeriya. Busasshen barkono da tattasai su ma daga kaka zuwa rani suka fi kyau da araha. Kalwa kuwa sai ɗorawa ta nuna da bazara. Wanda ya sayi na shekara a lokacin da iska take bushe, ya sami sabon kaya a farashi mai sauƙi. Wanda ya bari sai tsakiyar damina, ragowar bara zai saya da tsada, bayan ta sha laima a rumfar kasuwa. A shekarar da amfani ya yi ƙaranci kuma sai a ƙara sa ido. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna ta lalata mafi yawan amfanin shekarar, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma sanannen abu ne cewa a irin wannan lokaci ne tsohon kaya da algus suke samun kasuwa.

Na san wani zai ce albashinsa ba zai sayi mudun kome ba. Maganin wannan shi ne haɗin kai. Abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su je babbar kasuwa irin ta Kurmi ko ta Rimi a Kano, ko ta Sabon Gari a Zariya, su saya su raba. In aka tara kuɗin ƙullin leda na kullum har wata uku, za a ga mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa sayen yaji da tsada.

In an je gaban mai kaya, kada a ji kunyar gwadawa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga 'yan alamu.

Kanumfari: a nemi mai kansa, domin shi furen da bai buɗe ba ne aka busar. A danna shi da farce, mai kyau zai nuna ɗan maiƙo. In an jefa shi a ruwa, mai mai yakan nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda ya tsufa ko aka riga aka tatse mansa kuwa sai ya kwanta a saman ruwa.

Citta: a karya yatsa ɗaya. Ta karye ƙas, cikinta ya zama fari mai ɗan rawaya, ƙanshinta ya bugi hanci. In tana lanƙwasawa ba ta bushe ba. In akwai 'yan huji da gari na zuba, ƙwari sun riga ka.

Barkono da tattasai: a girgiza a ji 'ya'yan suna kaɗawa, a fasa biyu ko uku a duba ciki, domin fumfuna daga ciki take farawa. Wanda aka ga fari-fari ko baƙi-baƙi a cikinsa, ko yake warin rima, a bar wa mai shi kayansa kome arharsa.

Masoro: na ƙasarmu yana da ɗan wutsiya. A tauna ƙwaya ɗaya. A ƙasashe da dama akan cakuɗa baƙin masoro da busassun 'ya'yan gwanda, waɗanda ba su da nauyinsa balle ƙanshinsa.

Tafarnuwa da albasa: a zaɓi masu nauyi da tauri, masu busasshen wuya, waɗanda ba su fara tsiro ba.

Idan kuwa dole ta sa a sayi gari, to a saya wurin wanda kayansa ba sa kwana, kuma a sayi na mako biyu ko uku. In na gwangwani ne ko na fakiti, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da aka yi shi, a kuma guji wanda ya yi wata da watanni yana shan rana a kan tebur.

MAGANAR LAFIYA

Jama'a, a nan ne maganar ta fi nauyi. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara da barkono da citta idan ba su bushe sosai ba, tana haifar da wani dafi da ake kira afalatoksin. An gano shi ne bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗar da ta yi fumfuna. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masarar da wannan dafi ya kama. Abin tsoro game da shi abu biyu ne. Na farko, dafuwa irin ta tukunyar gida ba ta kashe shi. Na biyu, in ana cinsa kaɗan-kaɗan ba a jin kome a lokacin, sai bayan shekaru ya bayyana a matsayin sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tarayyar Turai ba ta yarda barkono ko citta su shiga kasuwarta ba idan dafin ya wuce kashi 10 cikin kashi biliyan ɗaya. Abin tambaya shi ne, buhun da ba zai ci wannan jarrabawa ba, a cikin wa yake ƙarewa? Saboda haka yajin da ya yi fumfuna ba a kankare shi, ba a wanke shi, ba a sake shanya shi don a ci. Zubarwa ake yi.

Haɗari na biyu rini ne. A 2005 sai da aka janye kayan abinci fiye da iri 500 daga kantunan Birtaniya, domin an sami wani jan rini na masana'antu, irin wanda ake sa wa man goge takalmi, a cikin garin barkonon da aka yi amfani da shi. A 2019 kuma bincike ya bayyana cewa a Bangladesh ana goga wa kurkum wani rawayan launi mai ɗauke da dalma don ya yi kyan gani, dalma kuwa tana daƙushe ƙwaƙwalwar yara. Garin da launinsa ya cika ƙyalli fiye da ƙima, a yi hattara da shi.

Haɗari na uku mu ne muke jawo shi da hannunmu, watau zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin abin da za a ci. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Maganin ƙwari a kayan yaji shi ne bushewa sosai da rufi mai kyau. Wanda yake da firji mai ƙanƙara da tsayayyiyar wuta yana iya sa sabon kaya a ciki na mako guda, a rufe ruf, sanyin zai kashe ƙwarin da ƙwayayensu.

YADDA ZA A ADANA

Da an dawo daga kasuwa, a tsince kayan, a fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓu, a baza su a faifai ko tabarma mai tsabta su sha rana yini ɗaya ko biyu, a bisa wani abu mai tudu. Shanya a gefen kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da awaki ke bi, ba shanya ba ce. Kada wani ya ce na yi tufka da warwara, tun da na ce haske abokin gaba ne. Ranar yini biyu tana korar danshi, ranar wata biyu ita ke cinye ƙanshi. Ganye kuwa, irin su kuka da ɗoɗɗoya da na'ana'a, a inuwa mai iska ake busar da su, domin rana tana ƙone korensu da amfaninsu. In an kwashe shanya a bari ta huce kafin a rufe, don kayan da aka rufe da ɗuminsu gumi suke yi.

Mazubi mafi kyau shi ne kwalba mai murfin da ke kamawa sosai, wadda aka wanke ta bushe ƙarau, sai kuma gwangwani marar tsatsa. Ledar ƙulli ba ta tsare kome, shaida kuwa ita ce kana jin ƙanshin abin da ke cikinta ba tare da ka kwance ba. A daidaita girman kwalba da yawan kaya, domin rabin kwalbar da ba kome iska ce. Hikima ita ce a yi kwalba biyu: babba ta ajiya, wadda ba a buɗewa sai sau ɗaya a wata, da ƙarama ta amfanin kullum. A manna 'yar takarda a rubuta watan da aka saya.

Wurin ajiya ya zama mai duhu da sanyi, nesa da murhu ko risho ko gas, nesa da taga. Kada a karkaɗa kwalba a bisa tukunyar da ke tafasa, domin tururin yana shiga ya zauna, kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali. Firji ba wurin garin yaji ba ne a inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, saboda duk fitarwa da mayarwa raɓa ce ke sauka a ciki. In damina ta yi nisa, musamman cikin Agusta, a sami ranar da gari ya buɗe a duba ajiya, abin da ya fara laushi a ba shi rana.

Albasa da tafarnuwa su rayayyu ne, numfashi suke yi, saboda haka kwando ko ragaya suke so a wuri mai iska. In an ɗaure su a leda ruɓewa za su yi. Kada a jiƙa dakakkiyar tafarnuwa cikin mai a ajiye a ɗaki kwana da kwanaki, domin akwai wata ƙwayar cuta mai mugun dafi da ke girma a inda ba iska. Ɗanyar citta takan daɗe in an binne ta cikin yashi mai ɗan sanyi a inuwa. Daddawa a busar da ita sosai, a ba ta nata mazubi ita kaɗai, in ba haka ba kirfa da kanumfari duk sai su koma warinta. Yajin ƙuli kuma, tun da akwai man gyaɗa a cikinsa, shi ya fi kowanne saurin yin maƙaƙi, sai a riƙa haɗa na mako biyu ko uku. Na'ana'a da ɗoɗɗoya kuwa ba su da ajiyar da ta fi tsohon gwangwani da ƙasa a bakin ƙofa, a tsinka a lokacin da ake bukata.

Wajen daka, ɗan ƙaramin turmi ya ishi mutum ɗaya. In an ɗan gasa masoro ko kimba sama-sama a busasshen kasko kafin a daka, ƙanshinsu ya fi tashi. Injin niƙa na unguwa yana ɗumama gari, yana kuma gauraya maka ragowar niƙan wanda ya riga ka. A tukunya kuma, ƙwaya ita ake sawa da wuri, gari da ɗanyen ganye sai an kusa saukewa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, in kun duba da kyau za ku ga kusan duk abin da na faɗa iyayenmu mata suna yinsa tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a ƙasar nan. Suna saye da kaka, suna shanyawa, suna rufewa a tukunya a ƙuryar ɗaki, ba sa daka sai na 'yan kwanaki, yajin mai jego ma sai haihuwa ta gabato ake haɗa shi. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne sanin dalili, da sanin haɗarin da ido ba ya gani. Abin takaici ne a ce ɗan makaranta ya saki na gida bai kuma kama na littafi ba, miyarsa ta tashi salam, ya bi ta da dunƙule uku ko huɗu, alhali abin da ya fi yawa a cikin dunƙulen gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini.

Roƙona gare ku guda biyu ne. In kun koma masauki yau, ku buɗe kowane ƙullin yaji da kuke da shi, ku murza kaɗan a tafin hannu ku sansana. Wanda bai amsa ba ya gama aikinsa, wanda ya yi fumfuna kuma a zubar da shi tun kafin dare. In an yi hutu kun je gida, ku zauna kusa da tsohuwa ranar da take haɗa yaji, ku tambaye ta sunan kowane abu da gwargwadonsa, ku rubuta, domin yawancin wannan sani har yanzu a ka yake.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa.